Ranar da Takardar Nasiru Ta Fito Babu Ja

Shekara talatin da huɗu ke nan ina aikin albashi, ranaku da yawa sun shige mini kamar ba a yi su ba, amma ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da na karanta takardar Nasiru a gaban mahaifinsa ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayar dalilin da ya sa nake hana ku cire wa mutum kuɗi kafin ku zauna da shi. Na ji ma wasunku suna cewa tsufa ne ya sa Malam Garba ya yi sanyi. To, tun da saura mini 'yan watanni in bar muku kujerar, gara ku ji inda abin ya samo asali.

Lokacin ina ƙaramin akawu mataki na biyar a ofishin aikin noman rani da ke ƙasan dam ɗin Goronyo. An gama dam, ana ta haƙa kanal ana miƙa ruwa zuwa filayen da ke wajen Wurno da Rabah, kusan kowane wata sai an ɗauki sababbin ma'aikata, malaman gona da masu buɗe ƙofofin ruwa da direbobi da leburori. Ni nake shirya takardar albashinsu. Layi uku ne a gaban sunan kowane mutum. Na farko abin da ya samu bayan haraji, da baƙin biro. Na biyu bashin da za a cire masa, kamar na babur ko na taki, wannan da jan biro ake rubuta shi. Na uku abin da ya rage, wanda za a sa masa a ambulan. In na gama sai akanta ya duba ya sa hannu, manaja ya sa nasa, sannan kashiya ya tafi banki a Sakkwato da ɗan sanda ya ɗauko kuɗin.

Jan Biro suke kirana a bayan idona, kuma na sani, ban damu ba. Ban taɓa yafe wa kowa kwabo ba, ina ma alfahari da haka. Shekara guda kafin nan an ba ni takardar tuhuma saboda na manta bashin babur ɗin wani direba na wata biyu, tun daga nan na yi wa kaina alkawari ba odita da zai sake kama ni da laifi. Ga shi kuma ina jiran ƙarin girma zuwa mataki na shida.

Akantanmu Malam Ishaya ne, mutumin Kagoro, Kirista, ya daɗe a ƙasar Sakkwato har 'ya'yansa sun fi shi iya Hausarmu. Shi ya kafa mana doka cewa ranar biya a fito da tebur baranda, in kira suna, in karanta layukan nan uku da ƙarfi kowa ya ji, sannan kashiya ya ƙirga kuɗin a gaban mai su. Dalilinsa shi ne yawancin leburorinmu ba su yi boko ba, yatsa suke dangwalawa, kuma a wani ofis da ya taɓa zama ya ga yadda ake zare wa irinsu kuɗi ba su sani ba. Doka ce mai kyau, leburori suna son ta, har wanda aka riga aka biya ba ya tafiya, sai ya zauna ya ji na saura.

Nasiru sabon malamin gona ne, ɗan Taloka, ya yi babbar difloma a kan aikin gona. An tura shi wajen Wurno yana koya wa manoma yadda ake dashen albasa a layi da yadda ake ba ta ruwa. Yaro ne mai kunya, in ya shigo ofis sai ya gaida kowa har masinja. A wancan lokaci sabon ma'aikaci yakan yi wata uku ko huɗu kafin sunansa ya shiga takardar albashi, in ya shiga sai a haɗa masa duka a ba shi lokaci guda, abin da muke kira ariyas. Nasiru ya yi wata huɗu yana aiki da keken aro, ba a ba shi ko sisi ba. A wata na biyar sunansa ya fito.

A makon da nake shirya takardar watan ne wasiƙa ta zo daga hukumar da ke ba ɗalibai rancen karatu. Sunan Nasiru ne a kai. Ashe da rance ya yi karatunsa, kuma wa'adin fara biya ya wuce tun yana zaune a gida yana neman aiki, shekara biyu bashin yana taruwa. Wasiƙar ta ce a cire abin da ya taru daga kuɗin farko da za su shiga hannunsa, sauran kuma a riƙa cirewa duk wata. Na buga lissafi, na ga abin da ya taru ya kusa cinye ariyas ɗin gaba ɗaya. Abin da zai rage masa bai kai kuɗin buhun taki ɗaya ba.

Na kai wa Malam Ishaya fayil ɗin. Ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Garba, ka san ƙa'idarmu, ba a cire wa mutum fiye da kashi ɗaya cikin uku sai da yardarsa."

Na ce, "Yallaɓai, wannan ƙa'ida ta albashin wata ce. Ariyas ba ta ciki. Ga wasiƙa nan ta faɗi ƙarara."

Ya san a kan takarda ina da gaskiya. Sai ya ce, "To, ko da haka ne, ka aika a kira yaron ka gaya masa tukuna."

Na ce to. Amma Wurno ba nan kusa ba ce, motar ofis ta tafi gyara, kwana biyu kuma suka rage mini in rufe takarda. Na ce a raina, ai shi ya ci bashin, ya san da shi, me zan gaya masa da bai sani ba? Na ɗauki jan biro na rubuta. Aka yi wa hukumar cek ɗinta daban, aka aika. Malam Ishaya ya sa hannu yana tsammanin na yi magana da yaron, ni kuma ban ce masa ban yi ba.

Ranar Alhamis da hantsi, muna fitar da tebur, sai ga Nasiru ya shigo tare da wani dattijo mai farar riga wadda ta sha wanki da bugu, da ganin ta ka san ta Sallah ce. A bayan keken sun ɗauro rabin buhun albasa. Dattijon ya zo wurina kai tsaye ya miƙa mini hannu biyu.

"Malam akawu, kai na mai rubuta kuɗɗin ma'aikata? Ni na Ummaru, uban Nasiru. Na taho in yi godiya. Gwamnati ta karantar min da ɗa ban ba da ko kwabo ba, yanzu kuma ta ba shi aiki. Mi za ni ce in ba godiya ba? Ga 'yar albasa nan ku raba, ba ta da yawa."

Ku 'yan birni wataƙila ba ku san nauyin albashin farko a wurinmu ba. Ba na wanda ya yi aikin ba ne. Yaro yakan kai wa mahaifinsa ambulan ɗin ba tare da ya buɗe ba, uban ya raba wa duk wanda ya sa hannu a tarbiyyarsa, kowa ya karɓi ɗan rabonsa ya sa albarka. Sai bayan nan yaro yake fara cin kuɗinsa. Malam Ummaru bai iya jira a kai masa gida ba, shi ya sa ya biyo ɗansa. Yana tsaye a gabana yana lissafa mini su da yatsa, fuskarsa cike da murna. Uwar yaron, da gwaggonsa wadda ta yaye shi, da malaminsa na allo, da kawunsa mai keken, da mai unguwa. Ya ce ya bar mata a gida suna dafa shinkafa, da la'asar kowa zai hallara a ƙofar gidansa.

Tun daga inda ya ce bai ba da ko kwabo ba na gane akwai matsala. Na dubi Nasiru, na ga ya sunkuyar da kai. Na sa masinja ya shimfiɗa wa dattijon tabarma a inuwa, na ja yaron zuwa ɗakin ajiyar fayil na rufe ƙofa. Na nuna masa wasiƙar, na nuna masa layinsa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya zauna a kan kwali.

"Malam Garba, duka?"

Na ce, "Kusan duka. Baba bai san da rancen ba?"

Ya girgiza kai. Ya ce kakansa ya taɓa ba da fadamarsu jingina a wata shekarar yunwa, ba ta sake dawowa hannunsu ba, tun daga nan mahaifinsa ya rantse ba mai cin bashi a gidansa. Da ya samu gurbin karatu babu kuɗi, uban ya ce ya haƙura ya dawo gona. Hedimastansu na firamare ne ya nuna masa hanyar rancen, ya kuma tsaya masa. Shi kuma ya je gida ya ce gwamnati ta ɗauki nauyinsa. "Niyyata in na hwara aiki in riƙa biya kaɗan kaɗan, in na ga hankalinai ya kwanta in gaya mai. Ban san haka za a yi ba."

Na bar shi nan na ruga wurin Malam Ishaya. Na gaya masa gaskiya, ban kira yaron ba, ga kuma abin da ke faruwa. Bai ɗaga murya ba, amma kallon da ya yi mini har yau ina tuna shi. Ya ce cek ya riga ya tafi, ba a taɓa takardar biyan da manaja ya sa wa hannu. Ya ce abin da zai iya kawai shi ne ya ba Nasiru rancen ofis a cika masa ambulan, a cire a watanni masu zuwa. Na koma na gaya wa yaron. Ya ce, "In ci wani bashi in ruhe wanga? A'a, Malam. Ƙaryar ta isa haka."

Sai na yi dabarar da nake ganin ita ce mafita. Na ce masa in na zo kan sunansa zan karanta layin ƙarshe kawai, in wuce da sauri, ya karɓi ambulan su tafi, ya yi wa uban bayani a hanya. Ya fita ya koma wajen ubansa.

Aka fara biya. Sababbin ma'aikata a ƙarshen takarda suke, saboda haka sai da na kira mutum sama da arba'in kafin in kai kansa. Duk wannan lokaci Malam Ummaru yana zaune a tabarma cikin leburori yana saurare, in aka ƙirga wa mutum kuɗi sai ya ce Allah shi yi albarka. Rana ta take, gumi yana zubo mini har kan takarda. Da na kira Nasiru, dattijon ya miƙe ya gyara hula ya matso kusa da tebur. Na faɗi abin da ya rage ƙasa ƙasa, kashiya ya ƙirga 'yan takardun kuɗin nan da sauri ya sa a ambulan.

"Malam akawu, dakata."

Na ɗaga kai.

"Tun da hantsi nike zaune nan. Duk wanda ka kira, abu uku kaka karanta mai. Mi yas sa na ɗana guda ɗai kak karanta? Wata biyar yaron ga yana aiki, wanga na kuɗɗin wata biyar? Ko an zare mai wani abu na?"

Ya ɗauka cutar ɗansa nake yi. Leburori kuma suka kama, wannan ya ce a karanta, wancan ya ce doka ce, Jan Biro ba ya tsallake layi sai yau. Na juya wajen Malam Ishaya, ya kawar da kai, don dokarsa ce, ba shi da bakin karya ta. Sai Nasiru ya ce a hankali, "Malam Garba, karanta mai. Karanta duka."

Na karanta. Na faɗi abin da ya samu, mutane suka ce madalla. Na faɗi abin da aka cire, na ce rancen karatu. Na faɗi abin da ya rage.

Dattijon ya ce, "Rancen mi?"

Na ce, "Na karatu, Baba."

"Wa ya ci shi?"

Nasiru ya durƙusa a gabansa, a kan simintin baranda, gaban abokan aikinsa da leburorin da yake ba umarni. Ya ce, "Ni na, Baba. Ba kyauta ba ta. Rance na."

Na zaci zai yi faɗa, ko ya ɗaga hannu. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya yana kallon kan ɗansa. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Shekara shida, Baba. Tun da nis shiga makaranta."

"Shekara shida muna sa hannu kwano guda, kana ɗauke da wanga kaya kai ɗai, ban sani ba."

Ya juyo wurina ya tambaye ni saura nawa. Na ce in ana cire kashi ɗaya cikin uku duk wata, zai kai wajen shekara bakwai. Ya maimaita, bakwai. Sannan ya karɓi ambulan ɗin daga hannun kashiya, bai buɗe ba, ya sa wa Nasiru a hannu. Ya ce, "Tashi. Riƙe wanga ka biya mai ɗakin da kake haya, ka sai abinci. Wanga ba albashin hwarko ba na. Ranar da takardarka ta hito babu ja, ka kawo min, ranar nan za mu raba ma mutane."

Suka tafi, Nasiru yana tura keke, uban yana gaba. Albasar tana nan jingine da bango. Ma'aikata suka raba, ni ban iya ɗaukar ko ɗaya ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba wanda ya ce mini uffan, shi ya fi ci mini rai.

Daga baya Nasiru ya ba ni labarin abin da ya faru a Taloka. Sun iske mutane a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, shinkafa ta nuna. Malam Ummaru bai ɓoye komai ba. Ya tsaya ya ce musu shekara da shekaru yana gaya musu gwamnati ta karantar da ɗansa kyauta, ashe ba haka ba ne, rance ne, su yafe masa. Ya ce a ci abinci, rabo kuma sai ranar da Allah ya sa aka gama biya. Mutumin da duk gari ya san shi da cewa ba a bin gidansa kwabo, shi ya faɗi haka da bakinsa.

Washegari Malam Ishaya ya kira ni ofishinsa. Ya rubuta wa hukumar wasiƙa a gabana yana tambaya ko da za su yarda a rarraba abin da ya taru. Bayan wata guda amsa ta zo cewa da an nema da sun yarda, ana yi wa mutane da yawa haka. Ya ajiye mini ita a tebur ya ce, "Garba, takardar ta ce ka cire. Ba ta ce kada ka kira shi ba." Bai ba ni takardar tuhuma ba, ƙarin girmana ma ya fito a kan lokaci, amma ban ji daɗinsa ba.

Na hau motar kasuwa har Wurno na nemi Nasiru a filin albasa na ba shi haƙuri. Ya ce laifin nasa ne, shi ya yi ƙarya. Sannan ya ce, "Amma Malam, da kun bar min ko rabi, da na kai ma Baba gida an raba, in sami dare guda in gaya mai cikin ɗaki, ni da shi."

Daga nan kowane wata ni nake rubuta masa layin ja da hannuna, saboda haka na ga yadda bashin ya ci ƙuruciyarsa. Waɗanda aka ɗauka tare da shi suka karɓi rancen babur, shi ba a ba shi ba, don ƙa'ida ta hana a ba mai dogon bashi irin nasa rancen babur. Da keke yake bin bakin kanal daga wannan fili zuwa wancan. Yarinyar da yake nema ta jira shi shekara uku, iyayenta suka gaji, ta auri wani. An ba shi damar ƙaro karatu ya ƙi, ya ce shi da makaranta sai dai ya kai 'ya'yansa. Yaro mai shekara ashirin da 'yan kai, amma in yana magana sai ka ce magidanci mai iyali goma.

Shi kuwa Malam Ummaru, duk shekara in an cire albasa sai ga shi a ofishina da kuɗi ƙulle a tsumma. Ya kwance a kan teburina ya ce in ƙara a kan na ɗansa. In ƙirga, in rubuta masa rasit, in aika wa hukumar, shi kuma ya tambaye ni saura wata nawa. Kowa ya san lokacin cirewa albasa ba ta da kuɗi, mai haƙuri yakan ajiye ta sai damina ta kama ta yi tsada. Na taɓa ce masa, Baba, da ka jira wata uku da ka sami ninkin wannan. Ya ce, "Ɗana, ba ni iya kwana da albasa a rumbu ana bin Nasiru." Bai taɓa tuna mini da ranar nan ba ko da wasa. Kullum sai ya tambayi iyalina, ya sa mini albarka, ya tafi.

Da kuɗin albasarsa shekara bakwai ta dawo biyar. A damina ta biyar, saura wata uku a gama, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa. Na je Taloka gaisuwa. Na zauna cikin mutane ina lissafi a raina, wata uku, wata uku kacal, har na ji hawaye yana zubo mini ban sani ba.

Lokacin da wata ukun suka cika abubuwa sun canja. An daina biya a tebur, albashi ta banki yake shiga, ba kira ba karantawa. Malam Ishaya ya yi ritaya ya koma Kagoro. Ranar wata Alhamis ina zaune sai ga Nasiru ya shigo ya ce yana son ganin takardarsa. Na buɗe na nuna masa. Ya duba, ya ce, "Malam Garba, don Allah mu hita baranda ka karanta min awa da, yadda aka yi ranar biya."

Muka fita, mu biyu kawai, ba tebur ba tabarma. Na kira sunansa, ya amsa. Na karanta abin da ya samu. Na zo layi na biyu, na ce babu. Na karanta na uku. Ya ce alhamdu lillahi, ya goge fuska da hularsa, ya tafi.

Ranar Litinin ya dawo. Ya ce ya ciro albashin duka bai taɓa ko sisi ba, ya kai Taloka ya raba yadda uban ya lissafa. Uwarsa, da gwaggo, da iyalan malamin allo don shi ma ya rasu, da kawu mai keke, da mai unguwa, da hedimastan da ya tsaya masa. Rabon uban ya sayi gero da shi aka yi sadaka a masallaci. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yan kuɗi a naɗe ya ajiye a gabana.

Na ce, "Na mene ne wannan?"

Ya ce, "Rabonka na. Baba ya ce in ranar ta zo ba ya nan, kar in manta da malam akawu mai rubuta muna rasit."

Ni da na tozarta shi a gaban jama'a, ni ya sa a cikin masu sa wa ɗansa albarka. Ba a mayar da rabon albashin farko, saboda haka na karɓa da hannu biyu, na ce Allah ya yi masa albarka, Allah ya ji ƙan mahaifinsa. Da ya fita na rufe ƙofa na yi kuka sosai.

Abin da na koya ke nan a aikin nan. Lissafina na ranar nan daidai ne, ba odita da zai sami kuskure a ciki, amma na yi ɓarnar da ban iya gyarawa ba. Mu masu albashi lamba muke gani, alhali kowace lamba gida ce da mutane a cikinta suna jira. Yaron da ya yi karatu da rance kuwa, tun kafin ya karɓi kwabon farko an riga an kasa masa shi, kuma sau da yawa shi kaɗai yake ɗauke da abin, don kunya ko don tausayin iyayensa. Yanzu ga irin wasiƙun nan sun sake fara zuwa, kuna ganin su a kan teburinku, sunayen yara sa'o'inku ne a kai. Ban ce kada ku cire ba, bashi dole a biya shi. Amma in wasiƙa ta zo, kafin ku taɓa komai ku aika a kira mai sunan, ko yana Rabah ko yana Wurno, ko motar ofis ta lalace ku biya masa kuɗin mota daga aljihunku. Ku ba shi kujera, ku rufe ƙofa, ku nuna masa takardar. Sannan ku yi masa tambayar da ban yi wa Nasiru ba sai da lokaci ya ƙure: a gida an sani?